Daga Gusau zuwa Ankara: filin da aka share ba a wanke ba

Ɗaurin auren 'yar Kawuna ne ya kai ni Ghana cikin watan Disamba na 2023. Kawu ya bar Anka tun ina ƙarami, ya yada zango a Akra, wadda mutanenmu ke ce wa Ankara, ya yi aure a can ya hayayyafa, yana cin abinci da sayen tsofaffin ƙarafa. Ciwon ƙafa ya hana mahaifiyata tafiya, sai aka ce in je a madadinta. Na ɗauki fasfo da katin rigakafin shawara, aka cika mini jaka da kilishi da yaji da daddawa, tsarabar da Kawu ya ce in babu ita kada ma in taso.

Sai da rana ta ɗaga sosai muka bar Gusau, domin hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ba a yi mata sammako, ba a kuma yi mata yamma. Mota ta yi tsit, kowa bakinsa na motsi, sai da muka shiga Funtuwa aka fara hira. Daga Kaduna na hau babbar motar dare zuwa Legas. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, kuma babu abin da na tsinta a wannan dare sai ciwon baya. Na kwana Agege wurin wani ɗan garinmu mai sayar da goro, da asuba na nufi tashar Mile 2.

Daga Badagiri zuwa Seme ba wata tafiya ba ce, shingaye ne ke tsawaita ta. Kafin direba ya sa giya ta uku an sake tsayar da shi. A wani shinge wani mai kaki ya buɗe jakata, ya shinshina daddawa ya yamutsa fuska, ya ga kilishi ya saki fuska, da falle ɗaya muka rabu lafiya. A bakin iyaka 'yan canji suka yanyame mu, kusan dukkansu Hausawa da Zabarmawa, na mayar da wasu nairori sefa ina jin zafin yadda dam ɗin kuɗi ya koma 'yan takardu. Kwatano kuwa garin babura ne, 'yan acaɓa sanye da riguna rawaya sun cika titi, gefen hanya kuma ga fetur a manyan kwalabe jere bisa tebura. Muka wuce Wida, muka tsallaka Togo. Ƙasar ba ta da faɗi a bakin teku, kafin ka gyara zama ka iso Lome, teku na hannun hagu da bishiyoyin kwakwa, kuma garin na ƙarewa kana ƙofar Ghana a Aflao. Tun a iyakar Benin da Togo direba ya ce kowa ya mayar da agogonsa baya da awa ɗaya.

A Sogakope, wajen gadar kogin Volta, aka sauke mu kowa ya nuna takardunsa, mata masu burodi na biye da mu. Magariba ta yi mana a Tema, muka hau titin kankare da aka buɗe a 1965 zamanin Nkrumah, muka sauka a tashar Tudu da dare. Taubashina, babban ɗan Kawu, yana tsaye yana jira. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya tayar da tsohuwar rigimar kuɗin shara da ke tsakaninmu.

Gidan Kawu yana Sabon Zango, unguwar da Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20. Gida ne na haya mai ɗakuna jere da tsakar gida ɗaya, aka ba ni katifa a ɗakin samari. Wanka a gidan wanka na kuɗi ake yi a bakin layi, abin da na daɗe ban saba da shi ba. Amma kunnena bai yi baƙunta ba. Dagomba da Kotokoli da Zabarmawa da Mosawa, har da 'yan ƙabilar Ga masu garin, da Hausa suke ciniki, sai dai Hausar ba ta damu da bambanta mace da namiji ba. Da safe koko mai yaji da ƙosai, da hantsi a je layin Hajiya mai wake da shinkafa, a zuba maka a ganye da taliya da gari da dafaffen ƙwai da baƙin yajin nan nasu mai kifi da suke kira shito. Na sidi 20 ya riƙe ni har la'asar. An ɗaura aure lafiya, an ci an sha, mata sun yi ankonsu, wannan kowa ya san yadda yake.

Washegarin biki ne taubashina ya ce in raka shi wurin motsa jikin yaransa. Yana koya wa ƙananan yara ƙwallo, kuma a zangunan Ankara wannan ba wasa ba ne, tunda Mohammed Kudus ya fito daga unguwar Nima ya kai ga buga wa West Ham a 2023 kowane yaro gani yake shi ne na gaba. Matsalarsu fili. Unguwa ta cushe, 'yan filayen ciyawar roba da aka yi a wasu zanguna sai da kuɗi da layi. Muka ratsa Abossey Okai ta cikin shagunan kayan gyaran mota, muka ɓulla wani makeken fili a bakin kogin Odaw. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Malam duba-gari, ga Agbogbloshie. Ka ga nan? Fili biyu na ƙwallo, can bishiyoyi da kujeru, nan wurin lilon yara. Gwamnati ta ce asibiti za ta gina, to ai filin ya ishi asibiti ya ishe mu."

Na san sunan wurin tun kafin in zo. Nan ne babbar kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Ankara take a da, inda ake farfasa firji da talabijin da kwamfuta da injin mota, a fasa batir a zubar da ruwansa a ƙasa, a tara wayoyin lantarki a cinna musu wuta da tsohuwar taya da soson firji don robar ta ƙone a kwashi jan ƙarfe. A 2013 cibiyar Blacksmith da ƙungiyar Green Cross ta Suwizalan suka saka shi cikin wurare 10 mafiya gurɓata a duniya, jeri ɗaya da Chernobyl da Kabwe ta Zambiya da yankin Neja Delta namu. Ranar 1 ga Yuli 2021 katafila ta shigo ta baje kasuwar ƙarafan da ta albasa da ke maƙwabtaka da ita. Abin da na tarar shi ne fili fetal, an ja masa katanga, ciyawa ta tsiro jefi-jefi, shanu na kiwo, wasu na zubar da shara a gefe, yara kuma sun kafa duwatsu a matsayin raga suna ta gudu, da yawansu babu takalmi.

Na tsuguna na tona ƙasar da wani guntun ƙarfe. Baƙa ce ƙirin kamar gindin tukunya, cike da toka da ɓaraguzan gilashi da guntayen waya da narkakkiyar roba. Na ƙara tonawa, ba ta canza ba. Iskar hunturu na ɗibar ƙurarta tana watsa wa yaran, mai tsaron raga ya faɗi ya tashi ya share baki da bayan hannu, wata yarinya mai tallan ruwan leda ta aje farantinta a ƙasa. Jikina ya yi sanyi, domin na taɓa ganin irin wannan.

Mu mutanen Zamfara ba a ba mu labarin gubar dalma. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Dareta da 'Yargalma da Abare da sauransu, ana cewa iska ce, ana cewa sanƙarau ne, har likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano dutsen zinariya ne da ake dakawa a cikin gidaje, mai ɗauke da dalma. Yara wajen 400 suka rasu. Ina cikin ma'aikatan tsafta da suka yi aikin share Bagega a 2013, kuma abin da na koya a can shi ne likita ba ya fara ba yaro maganin fitar da dalma sai an gyara gidan da zai koma, in ba haka ba aikin banza ne. Gida-gida muka bi. A auna ƙasa da wata na'ura ta hannu mai nuna yawan dalma nan take, a kankare saman ƙasar da fartanya da shebur, a ɗura a buhuna, a kai wani rami da aka tanada nesa da gari a binne, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, a sake aunawa. Ɗakin da abin ya yi yawa a dafe shi da siminti. Dalma ba ta ruɓewa, rana ba ta ƙona ta, damina ba ta cinye ta, sai dai ta ɗauke ta daga nan ta kai can. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Kuma ba lallai ta kashe ba, ta fi yawan daƙushe ƙwaƙwalwa a hankali, yaro ya taso ana ce masa daƙiƙi.

Na faɗa wa taubashina haka. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai ba ka rabo da tsoro. Shekara biyu ke nan da aka tashe su, ruwa ya wanke komai. Ba ka ga ciyawa ba?" Na ce masa ciyawa ba shaida ba ce, a Bagega ma ga ciyawa ga rogo. Na tuna masa gwajin da ƙungiyoyin kare muhalli na IPEN da Basel Action Network suka fitar a 2019 kan ƙwan kajin da ke kiwo a wannan fili, inda suka ce babban mutum da ya ci ƙwai ɗaya ya sha gubar dayoksin ninki 220 na abin da hukumar kula da abinci ta Turai ta ƙayyade wa rana guda. Ya dubi shanun da ke kiwo, ya dube ni, ya ce, "To yau dai ba zan ci tuwo da nama ba." Wasa ya mayar da shi, amma na ga ya kira yaran da ba su da takalmi ya zaunar da su.

Ban ce masa burinsa shirme ba ne, don ba shirme ba ne. A ganina ma wurin wasa da shan iska ya fi dacewa da irin wannan ƙasa a kan gidaje ko gonaki, saboda wanda ya zo ya yi awa biyu ya tafi ba ɗaya yake da jaririn da ke rarrafe a kanta dare da rana ba. Amma akwai sharaɗi, kuma sharaɗin ne mai tsada. A fara aunawa, a san inda gubar ta taru da zurfinta. Mu a Bagega ɗan sama muka kankare, nan kuwa fadama ce da aka cike da shara shekara da shekaru, ba za a iya kwashe ta duka ba. Sai dai a kwashe wuraren da aka fi ƙone-ƙone, sauran a danne shi da yumɓu da leda mai kauri, a ɗora sabuwar ƙasa mai zurfi, a yi magudanai don kada ruwa ya kwanta. Bayan haka ba a haƙa rijiya, ba a shuka alayyafo ko latas, ba a kiwo, ba a dasa bishiyar da ake cin 'ya'yanta, kuma sai an sami mai lura da wurin kada wani ya zo gina shago ya huda murfin. An yi irin wannan a wasu wurare. Lambun Azhar na Alƙahira da aka buɗe a 2005 juji ne na shekaru kusan 500 kafin gidauniyar Aga Khan ta kwashe shi. Filin wasannin Olamfik na Landan na 2012 tsohuwar unguwar masana'antu ce, sai da aka wanke ƙasarta da injuna. Ko'ina ka duba, kuɗin da aka binne a ƙarƙashi ba ya ganuwa a hoton ranar buɗewa, shi ya sa nake tsoron a tsallake shi a shimfiɗa ciyawar roba a yanka kyalle.

Akwai kuma ruwa. Odaw ne ke kwaso dattin rabin birnin ya zuba a tafkin Korle, daga nan sai teku. Mutanen Ankara ba su manta da 3 ga Yuni 2015 ba, daren da ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Circle suka kashe mutum fiye da 150. Filin da ruwa ke hawa irin haka, in ba a ɗaga shi an ɗaure bakinsa ba, sabuwar ƙasar ma tafiya za ta yi.

Da dare na zauna da Kawu a ƙofar gida yana shan shayi. Na tambaye shi ina mutanen suka koma. Ya nuna gabas da haɓa. "Ɗana, ba ka ga hayaƙi a tsallaken ruwa ba? Suna nan Old Fadama, cikin gidajen mutane. Wasu sun watsu unguwanni. Ƙungiyarmu ta sayi fili a Teacher Mante, can hanyar Kumasi, amma wa zai tura kura daga nan zuwa can?" Ya ce shi bai taɓa ƙona waya da hannunsa ba, yaran arewacin Ghana ne ke yi, shi awo yake ya biya. Ya ce a 2014 an kawo injunan fere waya don a daina ƙonawa, amma siraran wayoyi ba sa shiga injin, wuta kuma ta fi sauri. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne masu ɗaukar hoto da ke cewa duk sharar Turai ce. "Yawancin kayan nan daga cikin garin nan yaranmu ke turo su. Firjin Ankara ne, motar Ankara ce." Na ce, "Kawu, ka taɓa gwada jininka?" Ya ce shekararsa nawa yana wannan aiki bai faɗi ba, in bar shi ya sha shayinsa. Tarin da yake yi da asuba kuwa duk gidan na ji.

Maganarsa ce ta sa na bi wani maƙwabcinsu zuwa Adjen Kotoku, inda aka mayar da 'yan albasa, can bayan Amasaman. Mun daɗe a cunkoson Pokuase a cikin trotro, wato ƙananan motocin hayarsu. Kasuwar kuwa kai ka ce Galmi ce ko Illela, Hausar Adar da Zabarmanci ke tashi ko'ina. Kukansu ɗaya: tun juyin mulkin Nijar na watan Yuli da rufe iyakar Benin, motoci suka maƙale a hanya, albasa ta ruɓe, buhu ya yi tsada. Wani dattijo ya saya mini fura da nono, ya ƙi karɓar ko kwabo da ya ji daga Zamfara nake.

A hanyar dawowa na lura da ramukan da masu ɗibar yashi suka bari a gonakin yankin, wasu sun tara ruwa. Suka tuna mini da kududdufan kuza na Jos, waɗanda suka ci mutane da dabbobi ba adadi, amma ɗaya daga cikinsu a Rayfield ya zama wurin shaƙatawa har da kwale-kwale. A Mombasa ta Kenya ma ramin da kamfanin simintin Bamburi ya bari aka fara dasa wa itatuwa a 1971, yau shi ne lambun Haller. Irin waɗannan ramuka na ƙauye sun fi sauƙin gyara nesa ba kusa ba, matuƙar abin da aka ɗiba yashi ne ko dutse: a kwantar da gaɓar ramin, a mayar da ƙasar sama, a dasa itace, a killace wuri mai zurfi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne masu ƙona waya da fasa batir da aka kora daga birni su sami irin waɗannan wurare inda babu mai ganinsu, ga rijiyoyi ga gonakin rogo.

Ranar Asabar dangin ango suka ɗauke mu zuwa Aburi. Mun fita da sassafe ta Madina da Adenta, kuma daga Ayi Mensah na ga abin da ban taɓa gani a gida ba: ɗaruruwan mutane, maza da mata, tsofaffi da masu tumbi, suna hawan dutsen da ƙafa zuwa Peduase, wasu da kiɗa, ba don sun rasa kuɗin mota ba. Lambun Aburi tun 1890 yake, ana shiga ta tsakanin dogayen bishiyoyin dabino na ado jere hagu da dama, ga sanyi, ga wani tsohon jirgi mai saukar ungulu da yara ke hawa. Ana biyan kuɗin shiga kaɗan, baƙo ya fi ɗan ƙasa biya. Iyalai sun shimfiɗa tabarmi, 'yan makaranta sun cika motoci, masu sassaƙa da masu abarba a bakin hanya suna ciniki. Mutanen Ankara na da yunwar fili da inuwa, kuma suna biya. Duk ƙauyen da ke kusa da birnin da ya gyara ramin yashinsa ya dasa itace ba zai rasa baƙi ba.

Wani yayan ango da ya zo daga Aboabo ta Kumasi ya ce in ina neman ƙasa mai ciwo in zo wajensu in ga aikin galamse, masu haƙar zinariya ba izini. Ya ce kogin Offin da Pra sun koma ruwan kunu, ramuka sun cika gonakin koko, kuma da zaiba ake kama zinariyar. Ya ce wani abokinsa na son zuba kifi a irin wannan rami ya yi wurin hutawa. Na ce, "Alhaji, wurin zama a sha iska wataƙila, in an auna. Kifi kam a'a, zaiba a jikin kifi take taruwa." Ya ce zai faɗa masa, ko da yake ya riga ya sayi 'ya'yan tarwaɗa.

Dawowa ta fi zuwa sauƙi, don jakar ta koma atamfa da shito da man kaɗanya, ba mai sha'awar buɗe ta. Na bi ta Aflao da Seme, na sake kwana Agege, na iso Gusau da rana tsaka. Taubashina ya mayar da ƙananan yaransa wani filin makaranta da suke samu bayan an tashi, manyan kuwa sun ƙi, sun ce can ya fi faɗi. Ya kuma sa na rubuta masa takarda zuwa ga kansilan unguwarsu, ana roƙon a auna ƙasar filin a kafa allon gargaɗi kafin a yi komai a kanta. Iyaye da limamai biyu sun sa hannu, ya kai da kansa, aka ce ya dawo bayan hutun Kirsimeti.